Kafin A Goge Tsatsar Bindigar Kaka

A tsofaffin gidajen Gwandu da Kalgo, kamar sauran garuruwan ƙasar Kabi, akwai kayan gado da ba a cika fito da su ranar rabo ba. Daga cikinsu har da tsohuwar bindiga, wadda ake naɗewa da tsumma a tura ƙarƙashin gado, ko a rataye a ƙuryar ɗaki har tsatsa da gara su yi mata rubdugu. Kowace irin wannan bindiga tana da labarin da ake ba yara a kanta. Na sha jin labaran nan, kuma kusan dukansu ba su wuce uku ba: ko a ce da ita kakan kaka ya yi jihadi, ko a ce daga hannun sojan Nasara aka ƙwato ta lokacin da suka ci ƙasa, ko kuwa a ce kaka ne ya dawo da ita daga yaƙin Bama. A wannan mako ina so mu duba yadda ake gane gaskiyar waɗannan labarai daga jikin ƙarfen kansa, domin lokaci yana neman ƙure mana.

Abubuwa uku ne ke cinye waɗannan kaya a yanzu. Na farko dillalan kayan tarihi, waɗanda ke saye a banza su sayar da tsada, ko su ƙaƙaba wa sabon abu tsohon labari. Na biyu halin rashin tsaro da jihar Kebbi ke ciki, wanda ya sa ake fito da tsofaffin makamai domin sintiri, jami'an tsaro kuma suna karɓe duk abin da suka gani, kuma ba za a ga laifinsu ba. Na uku, wanda ya fi ban tausayi, shi ne gyara: ɗa ko jika ya ɗauki bindigar ya kai wa mai walda, a kankare ta tas, a shafa mata baƙin fenti, a sake mata ƙota. Garin neman gira an rasa ido, domin rubutun da zai faɗi shekarunta da inda aka ƙera ta ya tafi tare da tsatsar.

Gwandu gari ne na malamai, kuma malaman da suka gaji Malam Abdullahi ɗan Fodiyo sun san cewa ba a karɓar labari sai an duba abu biyu: abin da aka faɗa, da jerin mutanen da suka kawo shi. A wannan gari ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sami kwafin littafin Tarikhus Sudan a 1853, zamanin Sarki Halilu, abin da ke nuna irin yadda mutanen wurin suka iya adana takarda. Ni a ganina wannan ma'auni na malamai shi ya kamata a ɗora wa bindigar gado. Ƙarfenta da hatiman da ke jikinsa su ne matani. Hannuwan da ta bi har ta iso gare mu su ne isnadi. Idan suka dace, an sami tarihi. Idan suka saɓa, to ƙarfe ba ya mantuwa, mutum ne ke yi.

Mu fara da bindigar da aka ce ta jihadi ce. An yi yaƙin Alwasa a 1805, inda jama'ar Shehu suka sha wuya, daga nan abokan gaba suka biyo su har Gwandu, aka kore su. Masana irin su Joseph Smaldone, wanda ya yi nazarin dabarun yaƙin Daular Sakkwato, sun nuna cewa a waɗancan shekaru baka da kibiya da mashi da takobi da doki su ne ginshiƙin yaƙi, bindiga ba ta yawaita ba sai can wajen ƙarshen ƙarni na 19. Saboda haka duk bindigar da aka jingina ga 1805 tana da babban nauyin hujja a kanta. Abin dubawa na farko shi ne yadda take kama wuta. Bindigar wancan zamani mai ƙanƙara ce, wato dutse ne ke bugun ƙarfe ya ba da tartsatsi kamar ƙyastu, albarushi ya kama. Wadda ake ɗora wa 'yar hular tagulla a kan wani ɗan tsini, guduma ta daka, ba ta bazu a Turai ba sai daga shekarun 1820 zuwa gaba. Idan bindigar gidanku mai hula ce, to ko dai ƙanwar jihadi ce, ko kuwa an sauya mata wannan sashe daga baya, kuma idan an sauya, za a ga ramukan kusoshin da aka toshe a gefenta.

Abu na biyu shi ne hatimin gwaji da ke gindin bututunta. Yawancin bindigogin da fatake suka shigo da su Afirka ta Yamma daga Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam suka fito, kuma kowane gari yana da gidan gwajin da ke buga wa bututu alama. An kafa na Birmingham a 1813, alamarsa ta farko sanduna biyu ne a gicciye da haruffan BPC. Alamar Liège kuwa haruffan ELG ne cikin da'ira mai siffar ƙwai, wadda aka fara bayan 1810, kuma wadda aka ɗora wa kambi a sama ba ta bayyana ba sai daga 1893. Duk bututun da ke ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan alamomi bai halarci Alwasa ba, komai dattakun wanda ya ba da labarin. Wannan bai rage masa daraja ba. Yana iya zama shaida kan cinikin da ya haɗa Gwandu da Nupe da Ilori da bakin teku, ko kan doguwar gabar da aka yi tsakanin Gwandu da Argungu, kuma waɗannan ma tarihi ne da ke neman shaidu.

Sai labari na biyu, na sojan Nasara. Sakkwato ta faɗi a hannun Turawa ranar 15 ga Maris 1903. Bayan shekara uku, a Fabrairun 1906, mutanen Satiru, waɗanda yawancinsu fartanya da gatari da baka ne makamansu, suka kashe Turawa uku da sojoji 25, suka kama bindiga mai jigida ƙirar Maxim. A watan Maris aka rushe garin, kuma a sanadiyyar wannan tarzoma Turawa suka tuɓe Sarkin Gwandu na lokacin bisa zargin yana da masaniya. Ke nan ba abin mamaki ba ne a ji labarin bindigar Satiru a wannan yanki. To amma bindigar da aka fi nunawa a ce ita ce, ita ce Lee-Enfield mai gajeren hanci da ake kira SMLE, samfuri na uku, wadda ice ya rufe bututunta har baki, mai cin harsashi goma. Sojan Ingila bai karɓi wannan samfuri ba sai a Janairun 1907. Bindigar da ba a haifa ba sai bayan an rushe Satiru ba za ta zama ganimar Satiru ba.

Karanta SMLE ba wuya, domin Turawa sun rubuta mata takardar haihuwa a jiki. A duba zoben ƙarfen da ya haɗa ƙota da gangar jiki, ta ɓangaren dama, ƙarƙashin mariƙin sakata. Za a ga kambi, ƙarƙashinsa haruffan sarkin da ke mulki, sai sunan masana'anta, sai shekara, sai samfuri. ER na nufin Sarki Edward na bakwai, wanda ya yi mulki daga 1901 zuwa 1910. GR na nufin George, ko na biyar daga 1910 zuwa 1936, ko na shida daga 1936 zuwa 1952. GRI kuwa ta masana'antar Ishapore ce da ke Indiya. Sauran sunayen da ake gani su ne Enfield da BSA da LSA a Ingila, da Lithgow a Ostareliya. Idan an ga tauraro bayan lambar III, to ƙirar sauƙaƙawa ce da aka fara a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da aka rage wasu sassa domin a riƙa ƙerawa da sauri. Wajibi ne haruffan sarki da shekara su yi daidai da juna. Bindiga mai GR da shekarar 1905 ta yi ƙarya tun kafin a tambaye ta.

Labari na uku shi ya fi kusa da mu, domin akwai dattawan da suka ga masu dawowa da idonsu. A zamanin Sarkin Gwandu Yahaya, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954, aka ɗebi samari daga duk faɗin Arewa zuwa rundunar sojan Afirka ta Yamma. Wasu sun yi yaƙi da Italiya a gabashin Afirka, suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941. Wasu suka tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, suka gwabza da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, har aka ci Myohaung a Janairun 1945. Sunayen barikokinmu irin su Chindit a Zariya da Dalet a Kaduna daga can suka samo asali. A wannan yaƙi SMLE ta ci gaba da aiki, domin Indiya da Ostareliya ba su daina ƙera ta ba, amma an sami ƙanwarta, Lamba 4, wadda aka fara ƙerawa da yawa a 1941. Ita ce mutanenmu suka fi sani da Mak 4 a hannun 'yan sanda. Ana bambanta su da ido: bututun Lamba 4 ya leƙo gaban ice, saitinta na baya kuma wani ɗan rami ne da ke can baya kusa da idon mai harbi, alhali na SMLE yana tsakiyar bututu.

Rubutun Lamba 4 yana ɓangaren hagu. Masana'antu uku suka ƙera ta a Ingila lokacin yaƙi: Fazakerley da Maltby da BSA ta Shirley, wadda ke ɓoye sunanta cikin alamar M47C. A Kanada akwai Long Branch, wadda ake ganin harafin L a tsakiyar lambobinta. A Amurka akwai Savage, mai harafin C a lamba, kuma an buga mata U.S. PROPERTY a jiki saboda a matsayin aro Amurka ta bai wa Ingila. Ga kuma ma'auni mai yanke gardama: samfurin da aka rubuta wa Mk 2 bai fito ba sai 1949, shekara huɗu bayan an gama yaƙi. Haka nan bindigar Ishapore mai alamar 2A ko 2A1, wadda gidan harsashinta ya fi kusurwa, ta shekarun 1960 ce. Waɗannan ba su ga dajin Bama ba.

Bayan an san shekara da masana'anta, sai a koma ga tambayar da masu tara irin waɗannan kaya a Turai da Amurka suka fi damuwa da ita: shin sassan duk nata ne? Kowace bindiga tana da lambarta, kuma ana maimaita lambar a wurare da dama. A SMLE za a same ta a gangar jiki, da gindin bututu, da bayan mariƙin sakata, da ƙarƙashin saitin baya, da ƙarfen hanci inda ake maƙala wuƙa. Idan duk sun zo ɗaya, da siffar lambobi iri ɗaya, to tare suka fito ko tare aka haɗa su a hannun soja. Idan lambar sakata ta saɓa, an aro ta ne daga wata. A duba kuma 'yar kibiyar nan mai ƙafa uku da ake bugawa a kusan kowane sashe, wadda ke nuna kayan gwamnatin Ingila ne. Idan an ga kibiyoyi biyu sun haɗa kai da kai, alama ce cewa gwamnati ta sayar da bindigar ta fita daga hannun soja ta halaliya.

A nan nake da sabani da masu cewa duk sashen da aka sauya ya ɓata bindiga. Sauyi iri uku ne, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba. Akwai na soja: bindiga ta tsufa, a mayar da ita masana'anta, a sake mata bututu ko ice, a buga mata FTR da shekarar gyara. Wannan sashe ne na rayuwarta, kuma a rubuce yake. Akwai na maƙerin gida: ƙota ta karye a sassaƙa wata da maɗaci ko ƙirya, a ɗaure tsaga da waya ko ɗanyar fata, a ɗinka laya a rataya. Bature mai tara kaya zai rage mata kuɗi saboda wannan, amma a wurinmu shi ne shafin da hannun mutanenmu ya rubuta, kuma bai kamata a cire shi ba. Na uku shi ne na mayaudari, wanda ke goge lamba da magagari ya buga wata domin su dace, ko ya jiƙa sabon ƙarfe a ruwan gishiri ya binne domin ya yi kamar ya tsufa. Na farko da na biyu gyara ne, na uku kaɗai ne jabu.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a ƙarfe ya fi ƙurewa. Wurin da aka goge lamba yakan ɗan lotsa, launinsa ya bambanta da na kewaye. Lambobin da aka buga da hannu ɗaya bayan ɗaya sukan karkace, zurfinsu ya sha bamban. Tsatsar shekaru tana da duhu da santsi, ta kwana kaɗan kuwa ja ce mai gari. Duniya ta daɗe da sanin maƙeran Darra Adam Khel da ke Pakistan, waɗanda ke kwaikwayon bindigogin Ingila da hannu har da hatimansu. Abin da ke tona musu asiri shi ne harafin N da ke juyewa a kalmar Enfield, ko haruffan Sarauniya Victoria tare da shekarar da ta wuce 1901, alhali a Janairun wannan shekara ta rasu. Haka kuma gajeriyar Lamba 5, wadda aka yi domin yaƙin daji daga 1944 zuwa 1947: Fazakerley da BSA kaɗai suka ƙera ta, kuma an rarake mata ƙarfe a gangar jiki da gindin bututu domin rage nauyi. 'Yan kasuwa sun yanke Lamba 4 da yawa sun sayar da sunanta. Kama da wane ba ta wane.

Kada kuma a manta da cewa Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin, inda Faransa ta yi mulki, ta kuma ɗebi nata sojojin. Bindigar da aka rubuta wa MAS da 1936 a gefen hagu, mai ajiye wuƙarta a wani bututu ƙarƙashin hanci, daga Saint-Étienne ta Faransa ta fito, kuma labarinta ta Dosso ko Gaya zai biyo, ba ta Kaduna ba.

Ko da ƙarfe ya nuna 1943, da sauran isnadi. Ƙa'idar soja ita ce makami na gwamnati ne, ana mayar da shi ma'ajiya kafin a sallami mutum. Saboda haka bindigar da aka ƙera lokacin yaƙi tana iya shigowa gida ta wata hanya daban, ta hannun 'yan sanda, ko a rikicin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ko daga kasuwa. Abin da tsohon soja ke dawowa da shi a fili shi ne littafin sallama mai ɗauke da lambarsa da rundunarsa, da hoto, da lambobin yabo irin su Tauraron Bama da Tauraron Afirka. Lambobin yabon Yaƙin Duniya na Ɗaya ma har suna da lambar soja ake bugawa a jikinsu. Waɗannan takardu da ƙarafa, da ake barin yara suna wasa da su, sun fi bindigar kanta ƙarfin shaida kan inda kaka ya je.

Dole in faɗi abin da doka ta ce, domin kada wani ya karanta wannan shafi ya ɗauka na ce a riƙe makami. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta sanya bindigogin soja masu harsashin .303 da 7.62 cikin haramtattu, ba a mallakarsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma tsufa bai fitar da su daga wannan hukunci ba. Bindigar ɗure kuwa lamarinta yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba da izini ba. Ga kuma haɗari: albarushin da aka ɗura shekaru aru-aru yana iya kamawa a yau, kuma bindigar da aka buga wa DP an ware ta ne domin faretin koyo kawai saboda ba ta da amincin harbi. Wanda ya fita sintiri da irin wannan ya fi zama barazana ga fuskarsa fiye da ga ɗan ta'adda.

Shawarata ga magidanta ita ce kada a kankare, kada a yi fenti, kada a kwance, kada a gwada harbi. A share ƙura da tsumma mai laushi da ɗan man keken ɗinki, a goga alli a kan rubutu domin ya fito, a ɗauki hoton kowace alama da waya. Sannan a zauna da dattijon da ya fi kowa sani a gidan, a naɗi muryarsa: wa ya kawo ta, daga wa ya ji, a zamanin wane sarki ko hakimi. Bayan haka a bi ta hannun hakimi zuwa ga hukuma, a miƙa ta a rubuce.

Ga hukumomi kuma, ga roƙona. Gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai a 2021, kuma tana lalata makaman da aka kama, wanda aiki ne mai kyau. Amma kafin a jefa tsohuwar bindiga wuta tare da AK-47, ya dace masani ya duba ta. Masarautar Gwandu, wadda Sarkinta Muhammad Iliyasu Bashar tsohon Manjo Janar ne da ya san darajar tarihin soja, tana iya haɗa kai da rundunar 'yan sanda da hukumar gidajen tarihi a buɗe ƙofar da iyali za su kawo abin da suka gada ba tare da fargabar kamu ba, a kashe bakin bindigar yadda ba za ta sake tashi ba, a ajiye ta da sunan gidan da ta fito. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tana nan a bakin Kalgo, ɗalibanta za su iya yin rajistar gida gida. Argungu ta riga ta nuna hanya da Gidan Tarihin Kanta, inda makaman Kabawa suke a adane kowa na zuwa gani. Babu dalilin da zai hana Gwandu samun ɗakinta.

Dattawan da suka san waɗannan labarai suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, damina kuma kowace shekara tana cin wani harafi daga jikin ƙarfe. Wanda ke da irin wannan gado a gidansa ya fara da hoto da muryar tsoho a cikin makon nan. Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa.